Sikatin, Konis da Katakon Gefen Ƙofa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kafawa da Gyarawa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu gida da ke son yin aikin da hannunsu, da kuma masu koyon kafinta. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu wuya.

Me ake nufi da katakon kwalliyar bango, kuma mene ne amfaninsa?

Duk inda abu biyu suka haɗu a cikin ɗaki, bango da daɓe, bango da silin, ko bango da firam ɗin ƙofa, sai ka sami tsaga ko 'yar karkata da magini ba zai iya ɓatarwa ba. Siririn katakon da ake bin wannan mahaɗa da shi a rufe ta shi ne katakon kwalliya. Wanda ke bin gindin bango magina na kiransa sikatin, na sama inda bango ya haɗu da silin kuwa konis, sai kuma wanda ke kewaye ƙofa da taga. Akwai wani ɗan siriri, mai siffar rubu'in da'ira, da ake ƙarawa a ƙasan sikatin idan akwai bukata.

Kada kalmar kwalliya ta sa a raina shi. Sikatin ne ke shan dukan tsintsiya da ƙafar kujera da ruwan goge daɓe a madadin filasta. Idan kuma daɓen na katako ne, shi ke rufe ratar da dole a bari a gefen bango domin katakon ya sami wurin motsi.

Da wane abu ya fi kyau a yi shi: katako, MDF, PVC ko POP?

Kowanne da inda ya dace. Katako na gaske yana da ƙarfi, yana riƙe ƙusa, kuma shi kaɗai ne za a shafa wa banish a bar jijiyarsa a fili. Aibinsa shi ne yana murɗewa idan bai bushe ba, kuma gara na sonsa. MDF garin katako ne da aka haɗa da gam aka matse. A miƙe yake, ba shi da ƙulli, fenti na kwanciya a kansa luf. Amma idan ruwa ya shige shi yakan kumbura, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Saboda haka ba na ba kowa shawarar sa shi a banɗaki ko kusa da wurin wanke-wanke, duk da cewa akwai nau'insa da ya fi jure laima.

PVC, wato roba mai tauri, bai damu da ruwa ba, gara ma ba ta cinsa, sai dai zafi yana ƙara masa tsawo, sanyi kuma ya rage shi, don haka mahaɗarsa na bukatar gam na musamman. POP, farin garin da ake kwaɓawa da ruwa ya daskare, na sama ne: yana ba konis zane mai kaifi, ba ya cin wuta, amma yana da nauyi kuma yana ɓantarewa, shi ya sa bai dace da gindin bango ba. Akwai kuma konis na soso mai tauri, mara nauyi, wanda mutum ɗaya zai iya liƙawa da gam.

Nawa zan saya, kuma wane faɗi?

Auna kowane bango daban ka rubuta, kada ka tara jimla kawai. Abin da kake nema shi ne kowane bango ya sami sanda guda ba tare da haɗi ba, gwargwadon iko. Ka ƙara kamar kashi 10 cikin ɗari saboda abin da yankan kwana zai cinye, idan kuma konis ne ko karon farko kenan, ƙara fiye da haka. Ka ajiye guntayen da suka rage, za su yi maka amfani ranar gyara.

Faɗi kuwa ya bi tsayin bango, daga daɓe zuwa silin. Ɗaki mai gajeren silin, kamar mita 2.4, sikatin na santimita 10 zuwa 14 ya ishe shi. Mai dogon silin yana ɗaukar wanda ya fi haka. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: katakon gefen ƙofa ya fi sikatin kauri ko da kaɗan, domin sikatin ya zo ya tsaya a jikinsa ba tare da bakinsa ya fito ba.

Dole ne sai na bar katakon ya kwana a ɗakin kafin in kafa?

Dole ne. Katako yana shan laimar iska yana kuma fitar da ita, yana faɗaɗa yana tsukewa, kuma motsin nan ta faɗi ya fi yawa, ta tsawo ɗan kaɗan ne. Idan ka kafa shi da laimarsa, zai bushe a jikin bango, kwanonin da ka haɗa tsaf su buɗe baki. Shigar da shi ɗakin da za a yi aikin, ka kwantar da shi a kan wasu guntaye don iska ta ratsa ƙasa da sama, ya yi aƙalla kwana biyu zuwa uku. Kada ka jingina shi a tsaye, zai lanƙwashe.

Bangon ma sai ya bushe. Sabon filasta yana ɗauke da ruwa mai yawa na makonni, kuma bayan katakon ne zai shanye shi. Shi ya sa yana da kyau a shafa wa bayan katakon fentin farko, wato faraima, ba fuskarsa kaɗai ba. Yawancin matsalolin da ke cikin tambayar tsagar da ke dawowa, can ƙasa, daga nan suke farawa.

Waɗanne kayan aiki ne ba makawa?

Tef ɗin awo, fensir, ma'aunin lebur, guduma da ɗan ƙarfen nutsar da kan ƙusa, wuƙa mai kaifi, samfefa, da zarto mai ƙananan haƙora tare da akwatin yankan kwana. Zarton lantarki mai juyawa yana sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma ɗaki ɗaya ko biyu za a iya gama su da na hannu. Ƙara da ma'aunin kusurwa da ƙaramin zarto mai siririn baki, mai kama da baka, wanda ke iya bin lanƙwasa.

Daga ina ake farawa?

Daɓe tukuna, sannan katakon gefen ƙofa, sannan sikatin. A gefen ƙofa, kada ka daidaita katakon da bakin firam daidai wa daida. Ja shi baya kamar milimita 5 ka bar bakin firam ɗin a fili. Wannan 'yar rata tana ba hinji wuri, kuma ido ba ya kama ƙaramar karkata a cikinta yadda zai kama ta a baki biyu da aka so su zama ɗaya.

A sikatin da konis, fara da bangon da ke fuskantar ƙofa, ka yanke sandar a miƙe ta kai bango zuwa bango. Sauran su zo su hau kanta. Ta haka mai shigowa ba ya kallon cikin mahaɗar kai tsaye. Kuma duk inda za ka iya ɗora katakon a wurinsa ka yi alama da fensir, yi hakan maimakon dogaro da tef.

Ƙusa zan sa ko gam?

Ya danganta da bangon. Idan na allon jifsam ne, wato bangon da aka yi da faffaɗan allo maimakon bulo, a bayansa akwai ginshiƙai na katako ko ƙarfe, yawanci tazarar santimita 40 ko 60. Nemo su ka yi alama, ƙusar ta ratsa katako da allo ta shiga ginshiƙin kamar santimita 3. Ƙusar da ta tsaya a allo kawai ba ta riƙe komai.

Idan na bulo ne ko siminti, hanya biyu ce. Ko dai gam ɗin gini mai kauri a bayan katakon, tare da 'yan ƙusoshin kankare da za su riƙe shi kafin ya kama, ko kuma a huda bango a sa filogin roba da sukuru, a nutsar da kan a cike. Gam ya fi sauri, amma ranar cirewa yakan taho da filasta, kuma ba ya kama bango mai ƙura ko tsohon fenti mai ɓarewa. Sukuru ya fi ja idan bangon yana da ciki. Kafin ka huda ko'ina, dubi inda soket da makunnin wuta suke: wayoyi galibi suna tafiya a miƙe daga gare su, sama, ƙasa ko gefe. Haka ma bututun ruwa a bayan banɗaki.

Na yanka duka biyu a digiri 45, amma kwanar ta ƙi haɗuwa. Me ya faru?

Ba lallai ne laifin zartonka ba ne. Da wuya ka sami kusurwar ɗaki da ta cika digiri 90 cif, domin filasta yakan taru a kwana. Auna kusurwar ta gaske, ka cire ta daga 180, ka raba biyu: abin da ya fito shi za ka saita a zarto. Kusurwa mai 92 tana son 44, mai 88 tana son 46, mai faɗi irin ta 135 kuwa 22.5. Gwada da guntaye biyu kafin ka taɓa doguwar sanda.

A kwanar da ta fito waje, ƙara rabin digiri a kan lissafin, domin bakin gaba ya riga haɗuwa, ratar ta koma baya inda ba a gani. Sa gam ɗin katako a mahaɗar kanta, ba a bango kaɗai ba. Idan bayan haka 'yar siririyar tsaga ta rage, goga jikin sukundireba a hankali a kan bakin biyu, jijiyar katakon za ta kwanta ta rufe ta. Kwanar ciki kuwa tana da wata hanya da ta fi wannan, ga ta a tambaya ta gaba.

Wace hanya ce ta fi a kwanar ciki?

Maimakon a yanka duka biyu a karkace, ana barin sanda ta farko ta shige har cikin kwana a miƙe, sai a sassaƙe bakin ta biyu ya ɗauki siffar fuskar ta farko, ya hau kanta kamar murfi. Ga yadda ake yi: yanka ta biyun a digiri 45 kamar za ka yi kwanar ciki ta yau da kullum. Yankan zai fito maka da layin zanen katakon a fili. Bi layin da fensir don ka gan shi sosai, sannan ka bi shi da ƙaramin zarton nan mai kama da baka, kana ɗan karkata shi ta baya yadda zai ci naman bayan fiye da na gaba. Abin da zai taɓa ɗaya sandar shi ne bakin gaba kawai, siriri kamar wuƙa. Gyara da samfefa da ka naɗe a jikin fensir ko guntun katako.

Yana cin lokaci, kuma na farko da na biyu ba za su yi kyau ba. Duk da haka, a ganina wannan ita ce dabarar da ta fi cancantar a zauna a koya a duk aikin nan. Kusurwa ko ta kauce da digiri biyu mahaɗar za ta zauna, kuma idan katako ya tsuke, abin da zai bayyana a bayan ratar katako ne, ba rami mai duhu ba. Ka yanke sandar ta fi awo da kamar milimita ɗaya ko biyu, ka ɗan lanƙwasa tsakiyarta ka saka, ita da kanta za ta matse kwanar.

Bangon ya fi sandar tsawo. Yaya zan haɗa biyu?

Kada ka kara su baki da baki a miƙe. Yanka duka biyu a karkace, digiri 30 zuwa 45, ɗaya ta hau kan ɗaya, ka sa gam, ka buga ƙusa ta ratsa su tare. Mahaɗar ta faɗa kan ginshiƙi idan bangon allo ne, kuma ka zaɓi inda gado ko kabad zai tare ta.

Daɓen ba lebur ba ne, ana ganin rata a ƙarƙashin sikatin.

Idan ratar 'yar kaɗan ce, danna sandar ƙasa yayin da kake bugawa. Idan ta wuce haka, sai a kwafi siffar daɓen. Aza sikatin a wurinsa, ka tallafe shi ya tsaya lebur, ka sami guntun katako mai kaurin rata mafi girma, ka ɗora fensir a kansa ka ja shi a kan daɓen daga wannan gefe zuwa wancan. Layin da ya fito a jikin sikatin shi za ka bi ka fere.

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan siririn nan mai rubu'in da'ira, domin yana lanƙwasa ya bi daɓe. A jikin sikatin ake buga shi, ba a daɓe ba. Wannan yana da muhimmanci musamman a daɓen katako da aka shimfiɗa ba tare da an liƙe ba, wanda ake bar wa kamar milimita 8 zuwa 10 a gefe. Idan ka kafe daɓen da ƙusa, ranar da ya faɗaɗa zai yi tozo a tsakiyar ɗaki.

Me ya sa konis ya fi wahalar yanka?

Saboda ba ya kwanciya a bango, a jingine yake tsakanin bango da silin, yawanci a karkacen digiri 38 ko 45. Hanya mafi sauƙi ita ce ka aza shi a zarto a kife: gefen da zai taɓa silin yana kan gadon zarton, gefen bango ya jingina da katangar zarton, a daidai karkacen da zai zauna a sama. Sai ka yanka 45 kawai. Abin da ke rikita mutane shi ne hagu da dama sun sauya wuri, don haka ka yanka guntaye huɗu na gwaji, ka rubuta a jikin kowanne ko na ciki ne ko na waje, hagu ko dama, ka ajiye su kusa.

Idan konis ɗin ya fi katangar zarton tsayi, sai a shimfiɗa shi a kan gadon zarton a yanka da saiti biyu: juya zarton hagu ko dama, da kuma kwantar da bakinsa gefe. A kusurwa mai digiri 90, konis mai jinginar 38 yana son juyi 31.6 da kwantarwa 33.9, mai jinginar 45 kuma juyi 35.3 da kwantarwa 30. Kafin ka hau tsani, ja layi a bango inda ƙasan konis zai bi. Silin ma yana da tudu da kwari, kuma ido ya fi kama karkatar layin ƙasa fiye da ratar sama, wadda za a iya cikewa.

Konis ɗina na POP ya tsage. Zan iya gyarawa da kaina?

Ƙaramar tsaga, ƙwarai. Buɗe ta kaɗan da wuƙa, ka share ƙura, ka jiƙa wurin, domin busasshen POP yana zuƙe ruwan sabon kwaɓi kafin ya kama. Garin ake zubawa a cikin ruwa, ba ruwa a kan gari ba. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, don cikin mintuna yake fara tauri, kuma idan ya fara, ƙara masa ruwa ba ya dawo da ƙarfinsa. Yana fitar da zafi yayin kamawa, kada ka tsoma hannu ka bari ya daskare a kai. Idan za ka sa sukuru, nemi wanda ba ya tsatsa, in ba haka ba jan tabo zai ɓullo ta cikin fenti.

Amma idan ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarar fanko, ko ka ga ya saki silin ya sunkuyo, ko akwai tabon ruwa a kewaye, ka kawar da mutane daga ƙarƙashinsa ka kira mai aikin. Abu ne mai nauyi, kuma tabon ruwa yana nufin rufin ne ke bukatar gyara tukuna.

Da me zan cike ramin ƙusa da tsagar gefen bango?

Abu biyu ne daban. Ramin ƙusa da mahaɗar kwanar waje suna son abin cike katako mai bushewa da tauri, wanda za a goge da samfefa. Layin da ke tsakanin katako da bango ko silin yana son mai laushi na akirilik, wanda ake matsowa daga bututu, domin wurin yana motsi. Idan ka sa mai laushin a ramin ƙusa zai lotsa. Ka guji silikon zalla a inda za a yi fenti, fenti ba ya kama shi. Ƙullin katako kuma a rufe shi da faraima mai shelak, in ba haka ba ƙaron cikinsa zai fito rawaya bayan watanni.

Na cike tsaga, bayan watanni ta dawo.

Dubi yadda take dawowa. Wadda ke buɗewa lokacin da iska ta bushe, ta rufe lokacin laima, numfashin katako ne kawai. Cike ta da mai laushi a lokacin da ta fi buɗewa. Wadda ke motsi idan ka danna da hannu, ƙusa ce ba ta sami abin kamawa ba, koma tambayar ƙusa da gam. Wadda kuwa ke ƙara faɗi kullum, ga tsaga a bangon kansa, ga ƙofa ta fara cijewa, ba matsalar katako ba ce. Ginin ne ke motsi, sai injiniya ya duba.

Ƙasan sikatin ya kumbura, ko ya yi laushi. A gyara ko a canza?

Nemo ruwan tukuna: bututu mai yoyo, laima mai tasowa daga tushen gini, ruwan sama ta taga, ko yawan jiƙa daɓe wajen gogewa. Na sha ganin an canza sikatin sau biyu a wuri ɗaya, alhali bututun da ke bayan bangon yana nan yana ɗiga. MDF da ya kumbura a yanke shi a jefar. Katako na gaske, idan ruɓar ba ta yi zurfi ba, a kankare har a kai ga mai ƙarfi, a bari ya bushe, a cike.

Idan ka soka sukundireba ya shige kamar cikin takarda, ka ga ƙasa a ciki ko hanyoyin laka a jikin bango, gara ce. Takan cinye ciki ta bar fenti a tsaye. Canza katakon kaɗai ba ya korar ta, daga ƙasa take zuwa, sai an yi maganin wurin.

Yaya zan cire tsohon ba tare da na ɓata bango ba?

Fara da yanka layin fenti da wuƙa a duk inda katako ya taɓa bango. Idan ka tsallake wannan, fenti zai yage har sama. Tura faffaɗan ƙarfe siriri a baya, sannan ƙarfen ɓanɓara, ka sa guntun katako tsakaninsa da bango. Bi a hankali daga ƙusa zuwa ƙusa. Idan za ka mayar da shi, zare ƙusoshin ta baya da filaya, domin buga su ta gaba yana fasa fuskar. Rubuta lamba a bayan kowace sanda da kuma a bango.

A tsohon gida ka yi hattara da fentin. Tsofaffin fentin mai da yawa suna ɗauke da dalma, Amurka ma sai a 1978 ta hana amfani da irinsa a gidaje. Ƙurarsa tana cutar da ƙwaƙwalwar yara da masu juna biyu, don haka kada a goge shi a bushe, kada kuma a ƙona shi. Ƙurar MDF ma ba abin shaƙa ba ce: yanka a waje, da takunkumi mai tace ƙura.

Wani yanki ya lalace, kuma na rasa irin zanensa a kasuwa.

Yanko ɗan guntu a miƙe daga wanda ya lalace, ka tafi da shi. Bakin yankan yana nuna zanen sarai fiye da hoto. Sau da yawa tsohon zane mai faɗi haɗin sanduna biyu ko uku ne, kuma za a iya sake gina shi da ƙanana da ake samu. Idan ba a dace ba, ciro daga inda ba a gani, bayan kabad ko cikin ɗakin ajiya, ka kai inda ake gani, ka sa sabon mai kama da shi a ɓoyayyen wurin. Masu injin sassaƙa suna iya ƙera wuƙa daidai da zanen idan tsawon da kake so yana da yawa. A POP kuwa ana ɗaukar siffar daga sashen da ke da lafiya, a zuba sabo a cikinta, a liƙa, a shafe mahaɗar biyu da kwaɓi mai ruwa-ruwa.